Dogon Yaron Bakin Buro

Ni mutumin takarda ne. Tun ina yaro a Malbaza, da takardar buhun siminti nake rufe littattafan lakwal, wato makarantar boko, in lanƙwasa kusurwoyin daidai wa daida, har maƙwabta su riƙa kawo mini na 'ya'yansu. Da na girma Allah ya haɗa ni da aikin da ya dace da halina, na zama sakatare a wani buro, wato ofishin gwamnati, a wani gari da ke gefen hanyar Illela. Ɗaki uku ne da baranda, da tuta, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya buɗuwa sai an sa masa gwiwa. Aikina in buga, in ajiye, in nemo. A wurina abin da ba a rubuta ba bai faru ba, kuma na daɗe ina taƙama da wannan ra'ayi.

Shekarar da na kama aiki, ranar dashen itatuwa ta zo cikin damina kamar yadda ta saba. Aka kawo mana 'yan tsirrai cikin baƙar leda. Shef, wato shugaban buro na lokacin, ya riƙe ɗaya aka ɗauke shi hoto, ya miƙo mini, ya shiga mota. Sauran ma'aikata kowa ya cusa nasa a ƙasa inda ƙafarsa ta tsaya. Ni kuwa sabon shiga ne, ban san don hoto ake yin abin ba, sai na tsaya ina tunanin wanda zai ba shi ruwa in damina ta wuce. Ruwa a garin nan jaki ke kawo shi cikin jarka, ba wanda zai zuba wa itace. Can na lura da wani dutse mai faɗi a gabas da baranda, inda kowa ke tsugunawa ya yi alwalar azahar da la'asar. Ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa sarai. Nan na haƙa rami dab da dutsen, na dasa nawa. Dogon yaro ne, tsawonsa bai fi alƙalami ba.

Kafin rani ya raba awaki sun gama da na kowa. Nawa na kewaye shi da ƙaya, ruwan alwala kuma ya riƙe shi. Ya sha na mutanen kirki, ya sha na waɗanda Allah kaɗai ya san halinsu, bai taɓa tsame wani ba. Mai gadinmu ya riƙa ƙara masa da ɗaurayar butar shayi. Aka yi ta canja mana shef, wannan ya zo wancan ya tafi, shi kuwa yana nan yana tashi, har ya wuce rufin kwano ya shimfiɗa inuwa a kan rabin filin. Mutanen ƙauye da ke zuwa da amalanke nan suke ɗaure jakunansu, nan mata ke kwance goyo, nan tsofaffi ke jiran a kira su. Har a kasuwa sai ka ji wani ya ce wa ɗan'uwansa su haɗu gindin iccen buro.

Ba ni da gida a garin, haya nake. Iyalina suna Malbaza, 'ya'yana sun girma ina ganinsu daga Juma'a zuwa Juma'a. Abin da zan nuna in ce nawa ne a garin nan duka, itacen nan ne. Ina sonsa, so na gaske, irin wanda namiji mai furfura ba ya faɗi a cikin buro. Kuma ni da nake da takardar kowane abu, ba ni da ko ƙyallen takarda da ya ce ni na dasa shi.

Sai aka kawo mana sabon shef. Saurayi ne mai ilimi, mai tsabtar hannu, ba ya zagi, ba ya makara. Ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Ya je wani taro a Konni ya dawo da furoje, wato shirin nan na masu ba da tallafi, na rage ɓarnar takarda a ofisoshi. Ya tara mu a ƙarƙashin dogon yaron, don ɗakin taro ba ya zaunuwa da rana, ya yi mana bayani. Ya ce da itace ake yin takarda, duk ƙunshin da muka ƙarar, akwai itacen da ya faɗi a wani wuri.

Mai gadi ya ɗaga hannu. "Shef, wane gari na? Mu san inda muka ɓarna."

Shef ya ce wata ƙasa ce mai nisa, ba za mu san ta ba. Daga nan ya raba mana bayanin a rubuce, kowa da nasa, an buga a fuska ɗaya, bayan kuwa fari fat.

Gaskiya ita ce na yarda da maganarsa. Ni na fi kowa sanin ɗakin baya, inda muke tara takardu har rufi gara tana ci, in ya cika mu fitar mu cinna wuta, hayaƙi ya bi gari. Na san wasiƙun da na buga kofi biyar alhali mutum ɗaya zai karanta, shi ma in ya ga dama. Don haka na ba da haɗin kai. Na koyi buga gaba da baya. Na riƙa yanka tsofaffin takardu gida huɗu don ƙananan saƙonni. Wata na farko dai takarda ƙaruwa ta yi, saboda duk saƙon da ya shigo ta kwamfuta sai na buga shi, don shef ya sami inda zai danna hatimi ya nuna ya gani. Da ya gane haka sai ya kulle takardar a kabad ɗinsa, ya fitar da doka: daga yau babu wasiƙar da za ta fita daga buron nan zuwa wani buron gwamnati a kan takarda, sai ta na'ura. Ni na buga dokar, shi ya sa hannu, na liƙa ta a ƙofarsa.

Matsalar ita ce kuran, wato wutar lantarki. Wuta a garinmu baƙuwa ce, tana zuwa in ta ga dama, ba ta sallama in za ta tafi. Furoje ta ce wannan ba komai ba ne, ta aiko mana da pano, fayafayen nan masu shan rana su ba da wuta. Wani mai gyara ya zo daga Konni ya hau rufi ya ɗaura su. Da ya sauko bai kalli kowa ba, dogon yaron ya tsaya yana kallo, irin kallon da mahauci ke yi wa sa. Ya ce tun fitowar rana har ta take tsaka inuwar nan a kan rufin take. Aka ce a rage rassa. Ya ce dogon yaro in ka aske shi bana, baɗi ya dawo da gashi fiye da na da, ga ganye, ga kashin tsuntsaye. Shawararsa a sare.

Shef ya kira ni ofishinsa. Ya ce doka ba ta yarda a sare ɗanyen itace ba sai da izinin mai gandun daji, in rubuta takardar neman izini. Na ce to. Ban ƙara ko kalma ba. Na zauna na tsara wasiƙa mai kyau, da gaisuwa da dalili da rufewa, na aika ta na'ura kamar yadda dokar ƙofa ta ce.

Mai gandun dajin dattijo ne irina, ofishinsa na can bayan kasuwa. Yana da kwamfuta, an lulluɓe ta da zane don ƙura, kuma ban taɓa ganin an yaye zanen ba. Bayan kwana biyu na taka na same shi, na tambaye shi ko ya ga saƙonmu.

"Wane saƙo? Ni ban san saƙon iska ba," in ji shi. "Ku kawo min takarda da hatimi da sa hannu, in aza nawa bisa. Haka munka iske ana yi."

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba. Na dawo na gaya wa shef. Ya ce to a buga masa mana. Na juya na dubi ƙofa, shi ma ya dubi ƙofa. Dokarsa ce, da sa hannunsa, kuma a watan da ya wuce wata mata daga furoje ta zo ta ɗauki hotonta, ta ce buronmu abin koyi ne. Ya ce in nemo hanya. Na ce ina kan nema.

Haka maganar ta tsaya. Mu ba mu aika takarda, shi ba ya karɓar abin da ba takarda ba, dogon yaro kuwa yana tsakiya yana zubar da 'ya'ya. Duk lokacin da shef ya tuna ya tambaye ni, sai in sake aikawa ta na'ura, in zo in shaida masa na sake aikawa. Ban yi ƙarya ba, ban ɓoye komai ba, ban karya doka ko ɗaya ba. Pano suna ba da wuta daga azahar zuwa yamma, sai muka koma yin aikin na'ura bayan salla. Ni a ganina rabo ya yi adalci, safiya ta itace, yamma ta furoje. Bazara ta wuce, damina ta wuce, aka yi girbi, muna nan a haka. Na fara tafiya a filin buro da hannu a baya kamar mai gona.

Wata Juma'a a Malbaza na ba matata labarin, ina jiran ta yaba. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kai dai da wahalad da kai," ta ce. "Mutumen ga ba mugu na ba, kai da bakinka kac ce. Ka tahi ka ce mai, shef, iccen ga ni na dasa shi, a bar min. Mi a ciki?"

Na ce mata ba ta san aikin gwamnati ba. A buro ba a shiga wurin shugaba a ce ana son itace. A wane layi za a rubuta shi? Baki ba hujja ba ne, abin da na riƙe ya fi baki ƙarfi. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta.

Cikin sanyin shekarar mijin yayata ya rasu. Na nemi izini a rubuce, a bayan tsohuwar takarda, na tafi Malbaza zaman makoki, ban dawo ba sai bayan sadakar bakwai. Na sauka a bakin kwalta na hau kabu-kabu. Da muka sha kwanar kasuwa sai na hango wani gini tsirara, rufinsa duka a waje yana ƙyalli, da tuta a gaba. Na taɓa kafaɗar mai babur na ce ya ɓata hanya. Ya ce shekara nawa yana kawo ni nan.

Jakuna suna tsaye a rana. Mutanen ƙauye sun jeru jikin bango, sun manne da 'yar siririyar inuwar da ginin ke bayarwa, kowa ya tattare ƙafafunsa. Inda itacen yake sai kututture mai faɗin faifai, an zuba masa baƙin mai don kada ya sake tohowa. Ɓarɓashin itace ya rufe dutsen alwala. Mai gadi ya taso ya karɓi jakata, ya yi mini gaisuwar rasuwa, na amsa. Sannan na tambaye shi ina takardar.

"Wace takarda?"

"Ta izini. Wa ya buga ta ba na nan?"

"Babu takarda, sakatare. Ran Juma'a anka hito masallaci, shef da mai gandun daji sunka haɗu wurin biɗar takalma. Sunka gaisa. Shef yac ce mai ga abin da ad damuwa tai. Shi ko yac ce, a'a, don wanga? Ai aikin gwamnati na, ku sare, in damana ta zo ku dasa wani. Asabar masu gatari sunka zo. Kahin la'asar ta Lahadi an gama."

Na sake tambaya ko daga baya an kawo wata takarda. Ya ce babu. Na ce ko 'yar guntuwa, ko sa hannu a bayan wani abu. Ya dube ni da tausayi ya ce babu, sakatare. Na zauna a bakin baranda. Tun ina saurayi nake tsare ƙofar takarda, na tabbata duk abin da zai faru a buron nan sai ya bi ta teburina. Na manta garin da nake. A nan ana ba da aure da baki, ana ba da aron gona da baki, ana sasanta rikicin shekaru a ƙofar masallaci kafin mutum ya gama sa takalmi. A iya sanina, wannan ne aiki na farko da buronmu ya yi daga farko har ƙarshe ba a taɓa takarda ko ɗaya ba, daidai yadda furoje take so.

Shef ya fito da kansa. Ya riƙe hannuna ya yi mini ta'aziyyar mijin yayata, ya yi addu'a mai tsawo, kuma na san har zuciyarsa yake yi. Sannan ya ja ni bayan ɗaki ya nuna mini tulin itace. Ya ce an raba wa ma'aikata, amma ya sa an ware mini kaso mafi girma, da gungumen, saboda bayan an gama sara ne mai gadi ya gaya masa ni na dasa shi.

"Don mi ba ka hwaɗa min ba, baba?" in ji shi. "Wallahi ban sani ba. Na ɗauka icce na kawai. Da ka yi magana, da bisa ɗakin mai gadi munka maida pano, can babu inuwa. Waya ɗai za a ƙara."

Na dubi ɗakin mai gadi. Yana can yamma da fili, rana na dukansa tun safe har magariba, shekara da shekaru muna yi masa jaje a kan haka. Na ce wa shef ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da ba ka da wanda za ka kai ƙara, kuma na ji kunyar matata tun kafin in gan ta. Itacen na bar wa mai gadi, ban iya dafa shayi da shi ba.

Wuta kam ta samu. Tun safe na'ura ke aiki, har fanka muka samu a ɗakin taro. Takarda ta ragu sosai, ɗakin baya ya daina cika, mun daina cinna wuta. Ba na musun wannan, da idona na gani. A ƙarshen shekara furoje ta aiko a cika rahoto ta na'ura. Kana sa yawan takardar da aka rage, ita kuma ta lissafa maka itatuwan da ka ceta. Adadin ya fito har da rabin itace. Na rage ɗaya na kai wa shef. Ya duba ya ce lissafin bai daidaita ba. Na ce na cire wanda na sani ne. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya mai da adadin yadda na'ura ta ce, don ba ta karɓar wani, ya aika.

Da damina ta zo aka dasa wani a bakin ƙofar shiga, aka ɗauki hoto, awaki suka yi abin da suka saba. Mutanen ƙauye har yanzu suna cewa a haɗu gindin icce, su zo su tsaya a rana. Shef kuwa, da ya ga ma'aikata suna alwala cikin zafi, ya tausaya, ya sa aka ɗauke dutsen aka kai shi bayan ɗaki inda bango ke ba da inuwa da azahar. Kowa ya ji daɗi, aka yi masa godiya.

Washegari na zo da wuri. Dutsen ya fi yadda nake zato nauyi, ga baya ba na da ba, sai da na riƙa mirgina shi ina hutawa. Na mai da shi gurbinsa, dab da kututturen. Da aka kira azahar na ɗauki buta na tsuguna a kai, rana na dukan ƙeyata, ruwan ya bi tsohuwar hanyarsa ya taru a gindin baƙin kututturen. Shef ya fito baranda ya tsaya yana kallona. Na jira ya tambaye ni wa ya ba ni izini, don ban rubuta wa kowa ba. Bai tambaya ba. Ya koma ciki ya ɗauko butarsa, ya zo ya tsaya a bayana cikin rana, yana jira in gama.